Tabo a Kusurwar Hagu

Kwalin ya iso ranar Litinin da hantsi, takardar asibiti kuwa Talata ta ce.

Maigidan da kansa ya shigo da shi a kafaɗa, ya dire a ƙofar ɗakin gwaji yana haki, ya sa makullin babur ya farke bakinsa. Sikirin ɗin waya ne fal, kowanne cikin ledarsa, an jera su kamar ƙwai.

"Injiniya!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Fito, ga baƙinki sun sauka."

Ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani. Ta dubi kwalin, ta dube shi.

"Baban yara, gobe ne fa asibitin."

"Wane asibiti kuma?"

"Na ido. Takardar da na nuna maka wancan makon, ka ce in tuna maka."

Ya dafe goshi. "Kash! To ai kin ga yadda abin ya faɗo. Kin san dokar dila, kwana uku ne. Alhamis da azahar in ban mayar masa da marasa kyau ba, sun zama nawa. Asibiti kuwa ba gudu zai yi ba. Talatar sama, ni da kaina zan kai ki."

Dokar dila kam ta fi shi saninta. Sabon sikirin da 'yar sitika yake zuwa a bayansa. Muddin ba a ɓare sitikar ba, ba a shafa masa gam ba, kwana uku kuma ba su cika ba, dila zai karɓi duk wanda aka samu da matsala ya canza. Amma da zarar an manna shi a jikin waya, ko da rabinsa a mace yake, ya zama na mai shago. Shi ya sa duk mai gyaran wayar da ya san abin da yake yi sai ya gwada kafin ya manna. Shagon mijinta kuwa a gida ake masa gwajin, a tsohon sito mai taga ɗaya da aka toshe da bargo, kuma ita ce mai yi. Shekara huɗu ke nan.

Ta shiga ta ja ƙofa.

A kan teburin akwai wayoyi biyar da aka feɗe, hanjinsu a waje. Takan ɗauki sikirin, ta laƙa siririyar wutsiyarsa a jikin wayar da ta dace da shi, ta kunna. Fari tukuna, haske a ƙure, ta nemi ɗigo ko tabo. Sai ja, sai kore, sai shuɗi. Sai baƙi, wanda saboda shi aka toshe tagar, don a duhu kaɗai ake kama hasken da ke tsiyaya ta gefe. Sannan ta ja yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ko akwai inda ba ya jin taɓi. Mai kyau ta ajiye shi dama. Maras kyau ta zana wa ledarsa alama daidai inda matsalar take, ta ajiye shi hagu. Ta ɗauki na gaba.

Kafin la'asar kanta ya fara sara ta bayan ido. Da ta fito ta kunna ƙwan lantarkin kicin, sai ta ga zobba masu launi sun kewaye shi.

Takardar ma ba nemanta ta je yi ba. Ta kai ƙaramar 'yarta asibiti ne kan ciwon kunne, wajen fita ita da kanta ta bugi ƙyauren ƙofa da kafaɗa har sau biyu. Wata nas ta riƙo hannunta ta ja ta ɗakin ido. Aka hura mata iska a ido da wata na'ura, nas ɗin ta dubi lambar da ta fito, ta sake hurawa, ta daina murmushi.

"Baiwar Allah, ranar Talata likitar ido take zuwa. Ki zo, kuma ki zo da wani, don za a ɗiga miki maganin da zai dushe ganinki na 'yan awoyi. Kada ki yi wasa da takardar nan."

*

Talatar sama ta zo. Tun da safe ta sallami yara makaranta, ta shirya, ta zauna a bakin gado da takardar a jaka. Maigida ya fito yana ɗaura agogo, ya gan ta da mayafi, ya yi turus.

"Au! Yau ce?"

"Yau ce."

"Wallahi akwai wani mai kamfani da zai kawo wayoyin ma'aikatansa ƙarfe tara. In ba na nan, ƙanin nan nawa Auta zai kore shi da surutu. Ki yi haƙuri, Injiniya."

"Wai asibitin mene ne ake ta faɗa tun wancan makon?"

Uwar mijin ce, daga kan kujerarta a inuwar tsakar gida, kofin shayi a hannu.

"Ido ne, Mama."

"Matso in gani."

Ta durƙusa a gabanta. Tsohuwar ta sa babban yatsa ta ja fatar idon ƙasa, ta leƙa, ta saki.

"Ja ne kawai. Gajiya ce. Mu da muka shekara arba'in a bakin murhu hayaƙi na cin idonmu, wa ya taɓa kai mu asibiti? Ga ni nan har yau ina zura zare a allura. Ke da aikinki a zaune ne, a inuwa, kina kallon launi kamar mai kallon talabijin? Bar shi ya je neman abin da za ku ci."

Ta cire mayafin ta ninke.

Da la'asar ya dawo da fara'arsa, ya miƙa mata 'yar kwalba.

"Ga asibitinki na kawo miki har gida. Mai kyamis ya ce ko idon da ya yi kamar garwashi, kwana biyu ya washe."

Ai kuwa kwana biyu ja ya washe. Ya tallafo haɓarta ya juya fuskarta wajen haske, ya kira uwarsa ta zo ta shaida.

"Mama, dubi. Tas! Da yanzu mun je mun ɓata yini a layi."

Ciwon kan dai bai tafi ba, zobban ma suna nan. In ta daina ɗigawa ja ya dawo, sai ta ci gaba. Kwalba ta ƙare ya sayo wata, ta ƙare ya sayo wata. A nan kam bai taɓa mantuwa ba.

*

Wata Asabar da azahar Auta ya shigo, ƙanin mijinta, wanda shi ke manna sikirin a shago. Wayoyi uku ne a hannunsa, yayansa na biye da shi fuska a murtuke.

"Matata, yau kin jawo mana," in ji Auta yana dariya. "Wani direban babbar mota ya ɗaga ni da wuyan riga, sai da na ga rufin shago kusa-kusa."

Maigida bai yi dariya ba. Ya karɓe wayoyin ya zube su a kan tabarmar da take tsefe wa 'yarta kai.

"Duba. Wannan ɗigo uku ne a kusurwa. Wannan haske na zuba ta gefe kamar rufin da ke yoyo. Wannan layi ne tun daga sama har ƙasa. Duk a dama kika ajiye su, an manna, sun zama nawa. Mutum uku a ƙofar shago suna kirana ɗan damfara, maƙwabta na kallo."

Ta ɗauki ta farko. Sai da ta karkata kai, ta kawo kusurwar daidai tsakiyar idonta, sannan ɗigon suka bayyana. Manya ne. Da can ko daga bakin ƙofa za ta hango su.

"Ban gan su ba."

"Ai na san ba ki gan su ba! Barci kike yi a ciki?"

"Gefen nake faɗa maka, Baban yara. Gefen idona ya fara rufewa. Jiya yarinyar nan tana tsaye a haguna, na juyo da tukunya, saura ƙiris in juye mata ruwan zafi."

"Sai yanzu da kika yi ɓarna ido ya zama hujja."

Ta juya ga Auta. "To kai ka karɓa na mako ɗaya mana, in je a duba ni."

Auta ya ɗaga hannu biyu sama. "Wa? Ni? Rufa min asiri, matata. Sau ɗaya na taɓa zama a ɗakin can, minti ashirin, na fito kaina kamar ana daka a ciki. Ai ku mata Allah ya ba ku haƙurin irin wannan aikin."

"Saurara," in ji maigida, ya nuna ta da yatsa. "Daga yau duk wanda kika yi shakka a kansa, komai ƙanƙantar shakkar, hagu. Gara in mayar da mai kyau da in manna maras kyau. Kin ji ni?"

"Na ji."

*

Talata biyu suka wuce. A ta uku, kwali na buɗe a ɗakin gwaji, an ci rabinsa, ta rufe ƙofar ta yafa mayafi ta fita ba ta gaya wa kowa ba.

Kafin ta gama aikin gida ta samu mota, sha ɗaya ta gota. Akawun da ke rubuta sunaye bai ko ɗago kai ba.

"An rufe layin yau."

"Don Allah, Malam, na daɗe da takardar nan."

Ya karɓa ya duba kwanan watan, ya taɓe baki. "Lallai kin daɗe. Ina wanda ya rako ki?"

"Ni kaɗai ce."

"To ko da layin na buɗe ba za a gan ki ke kaɗai ba." Ya rubuta wata rana a bayan takardar, mako uku gaba. "Ki zo da wuri, ki zo da mutum."

A hanyar dawowa, wajen tsallaka titi, ta duba ta ga babu komai, ta sa ƙafa. Babur ya fito ta hagu kamar daga ƙasa ya tsiro. Madubinsa ya daki gwiwar hannunta, ta zube a bakin kwata, mai babur ya wuce yana zagi.

"Makauniya ce ke?"

Wata mai sayar da lemo ta ɗaga ta, ta kakkaɓe mata zani.

A gida ta tarar da babur ɗin maigida a ƙofa. Ya zo ɗaukar waɗanda aka gama, ya samu ɗaki a rufe.

"Da izinin wa?"

"Asibiti na je."

"Na ce da izinin wa? Gobe wa'adin dila zai cika, rabin kwali na nan ba a taɓa ba, ke kina yawo a titi."

"Yawo? Dubi hannuna."

Ya dubi jinin a gwiwar hannunta. "Kin gani? Da kin jira ni da hakan bai faru ba."

"Matar aure ta saci jiki ta fita, ko sallama babu," in ji Mama daga kujerarta. "In da mota ce ta take ki, me za mu ce wa iyayenki? Mu ne za a ce ba ma kula da ke."

"Me suka ce a can ɗin?" maigida ya tambaya.

"Mako uku."

"To kin ji. Da abin gaggawa ne za su ce mako uku? Kawo takardar in ajiye, ni zan riƙe ranar."

Ta miƙa masa, ya cusa a aljihun wando. Bayan kwana tara, tana shanya, ta ji wani dunƙule a aljihun. Ta zaro. Takardar ce ta zama kamar ƙullu, tawadar ta narke. Da hannunta ta wanke ta. Ta tsaya a gindin igiyar shanya tana ƙoƙarin tuna ranar da akawu ya rubuta, sha bakwai ce ko ashirin da huɗu.

Da ta tambaye shi, ya ce, "Za mu je mu karɓi wata."

*

Kwalin da ya biyo baya sikirin sittin ne, na kamfani uku daban-daban.

Ta laƙa na farko ta kunna fari. Wata inuwa-inuwa a kusurwar hagu ta sama, kamar an taɓa da yatsa mai toka. Ta kai ido kanta, inuwar ta zame. Ta dawo da ido tsakiya, inuwar ta dawo. Ta tuna yatsan da aka nuna ta da shi. Ta zana alama, ta ajiye hagu.

Na biyu ma haka. Na uku kamar babu, kamar akwai. Hagu.

Ta ɗiga magani, ta runtse, ta ci gaba. Da safe in idon ya ɗan huta takan samu masu tsabta. Rana na ɗagawa inuwar ke dawowa, ta ƙara faɗi. A rana ta uku tarin hagu ya kere na dama nesa ba kusa ba.

Maigida ya tsaya a kansu yana huci. "Arba'in da ɗaya? A cikin sittin? Yau dilan nan zai san da wa yake yi."

Shagon dila a tsakiyar layin masu kayan waya yake, ga masu gyara cike a gaban kanta kowa na jiran nasa. Maigida ya ratsa su ya dire kwalin da ƙarfi.

"Shara ka zuba min! Ni za ka mayar juji?"

Dilan mutum ne mai jiki, mai sanyin magana. Ya gyara tabarau, ya zaro ɗaya ya laƙa a wayar gwajinsa. Fari tas. Ja, kore, shuɗi, baƙi. Ya juya shi ga jama'a.

"Jama'a, akwai wanda ya ga wani abu?"

Babu. Ya zaro na biyu. Tas. Na biyar. Na goma. Wani daga baya ya ce, "Oga, ko tabon a mafarki ka gan shi?" Aka kwashe da dariya.

Dilan bai yi dariya ba. Ya baje ledojin a kan kanta yana bin alamomin da kallo.

"Wa ke yi maka gwaji?"

"Akwai mai yi."

"Dubi nan. Duk arba'in da ɗayan wuri ɗaya aka zana, kusurwar hagu ta sama. Kamfani uku ne, girma daban-daban. Malam, kamfani uku ba sa haɗa baki su lalata kusurwa ɗaya. Ba kayana ne da tabo ba." Ya tura masa kwalin. "Ko wane ne, ka kai shi asibiti yau, kada ka bari gobe."

Tana ninke kayan wanki ya shigo. Bai yi sallama ba. Ya fizgi farar rigarsa daga kan igiya, ya baje ta a gabanta da hannu biyu.

"Dubi tsakiyar nan. Akwai tabo?"

Ta duba. "Akwai inuwa a sama. Ta hagu."

Rigar fara ce ƙal, ita ta wanke ta da safe. Ta ɗaga kai ta dubi bangon, inuwar na nan. Ta dubi sama, tana nan. Hannunta ya saki zanin da take ninkewa.

Ya sauke rigar ya dube ta. Ta jira.

"Kin san irin kunyar da kika ba ni yau a gaban mutane?" ya ce.

*

Talatar da ta biyo baya lokaci ya samu. Tun bakwai suna kan benci, shi ne ma ya yi wa akawu magana aka nemo fayil ɗinta.

Likitar dattijuwa ce mai furfura a goshi. Ta ɗiga, ta haska, ta auna, ta sa ta leƙa cikin wata na'ura mai kama da kwano tana danna maɓalli duk lokacin da ta ga ɗigon haske. Ta daɗe ba ta danna ba. Daga baya likitar ta rufe mata idon dama da tafin hannu.

"Yatsu nawa na ɗaga?"

Ta juya kai tana neman hannun.

"Kina ganin hannuna?"

"Ina ganin kamar haske na motsi."

Likitar ta koma kujerarta ta buɗe fayil ɗin. "Wata huɗu ke nan da aka ce ki zo. Kina sa wani magani?"

Ta zaro 'yar kwalbar daga jaka. Likitar ta karanta jikinta, ta ajiye ta a hankali kamar mai ajiye abin da zai fashe.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Ni na sayo mata," maigida ya yi caraf. "Kuma yana aiki, likita, don ja ya..."

"Kwalba nawa?"

"Biyar. Ko shida."

"Hawan jinin ido gare ta. Wannan maganin yana kashe ja, yana kuma ƙara hawan. Kullum ta ɗiga, jijiyar gani ce ke ƙara mutuwa, kuma jijiyar da ta mutu ba ta tashi."

Ya gyara zama. "Wallahi likita, ba ta taɓa cewa abin ya kai haka ba. Kin san mata da zurfin ciki."

"Na faɗa maka, Baban yara," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "A ƙofar ɗakin gwaji na faɗa. A gaban Auta na faɗa. Da jini a hannuna na faɗa."

"Ba nan ne wurin wannan maganar ba."

Likitar ta juya gare ta, ta bar shi. "'Yata, ba zan ɓoye miki ba. Na hagu ya tafi. Na dama an ci gefensa, saura tsakiya. Za mu yi masa aiki cikin makon nan, ba don ya dawo da abin da ya tafi ba, sai don mu riƙe abin da ya rage. Da ranar farko kika zo, ɗigo ɗaya safe da yamma ya ishe ki, ki tsufa da idanunki biyu."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora hannuwanta a cinya ta zuba musu idon da ya rage.

Maigida ya yi gyaran murya. "To likita, bayan aikin, kamar mako nawa kafin ta iya komawa gwaji? Ko da na awa biyu ne a rana?"

Likitar ta cire tabarau ta dube shi.

"Fita ka jira a waje."

*

An yi aikin, an cire bandeji. Duniya ta koma mata kamar mai leƙe ta cikin bututu. In 'yarta ta zo, sai ta zaɓa, ko fuskar ko hannun da ke miƙo mata kofi, ba ta ganin duka a tare. Abin da ke hagu kuwa sai dai ta ji motsinsa.

Maƙwabta suka yi ta zuwa dubiya. Mama ce ke tarbarsu.

"Ƙaddara ce, 'yan nan. Lafiya lau muke zaune da ita. Yaron nan babu abin da bai yi ba, magani kwalba-kwalba, ya rufe shago yini guda ya kai ta asibiti da kansa. Namiji nawa ne zai yi haka yanzu?"

"Allah ya saka masa," in ji matan. "Ke kuma sai haƙuri, kin yi dacen miji."

Babu wanda ya mare ta a gidan nan, babu wanda ya hana ta abinci. In aka tara mutanen gidan aka ce wa ya makantar da ita, kowa zai rantse ba shi ba ne, kuma da zuciya ɗaya zai rantse. Talata ce kawai aka riƙa ɗagawa, ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilinta mai kyau.

Kwana goma da sallamo ta, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, 'yar fanka na kaɗa mata don likita ta ce kada gumi ya shiga idon, ta ji ana ɓamɓare ƙusoshi. Bargon tagar ɗakin gwaji ake cirewa. Can ta ji wani ƙara, ɗit, ɗit, da muryar Auta yana waƙa.

"Auta, mene ne wannan?"

Ya leƙo ta tagar. "Magajiyarki ce, matata. Na'urar gwaji. Ka laƙa sikirin, ka rufe murfi, ita ke yin duhunta a ciki, ita ke duba launi, ita ke duba taɓi. In da matsala ta yi ƙara ta nuna maka wurin. Ni nawa kawai in laƙa in cire. Ko ciwon kai babu."

"Sabuwar fitowa ce?"

"Ina! Ai ta kai shekara uku a kasuwa. Tun lokacin na ce wa Yaya mu saya, ya ce me zai yi da ita yana da ke." Ya yi dariya, sai kuma ya katse ta. Ya janye kansa ciki.

Ta ji tsayuwar babur, ta ji takun maigida ya wuce ɗakin gwaji kai tsaye.

"Kai, Auta! Taɓa nan ka ji. Ba ka ji ta yi zafi ba? Awa nawa tana aiki?"

"Biyu ne kawai, Yaya."

"Biyu! Takardarta ta ce duk awa ɗaya a kashe ta minti goma. An rubuta ƙarara, ba ka karanta ba? Kashe ta ta huta kafin ka lalata min ita. Irin wannan in ta mutu ba ta gyaruwa. Tsaya in samo mata iska."

Takunsa ya fito, ya zagaya tsakar gida, ya matso kusa da ita. Ba ta ga hannunsa ba, don ta hagu ya zo. Iskar kawai ta ji ta ɗauke daga fuskarta.